Darasi: Lissafin da Wayarka Ke Yi a Ɓoye, da Dalilin da Ya Sa Wani Lokaci Amsarsa Ke Karkacewa

Duk lokacin da ka buɗe Google Maps ka ga shuɗin ɗigon nan ya zauna a daidai shataletalen Jega, ko ka ɗauki hoto wayar ta matse shi ya koma ɗan ƙarami, ko ka yi wa ChatGPT tambaya, aikin da ake yi a ƙarƙashi kusan iri ɗaya ne. Ana jera lambobi a tebur, layi bisa layi, ana ninka su, ana debewa, ana neman wasu lambobin da ba a sani ba. Wannan tebur shi ake kira matiriks. Akwai kuma malaman jami'a da suka ƙare rayuwarsu a kan tambaya ɗaya: yaya za a sa na'ura ta yi wannan lissafi da sauri, kuma ta ba da amsar da za a iya dogara da ita? Fannin nasu shi ne aljabrar layi ta na'ura, wadda ita ce ginshiƙin lissafin kimiyya a kwamfuta.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Tana yi, a kusan kowane mataki ma, sai dai ƙanana ne ƙwarai. Abin da wannan darasi zai nuna maka shi ne lokacin da ƙaramin kuskuren nan yake zama a ƙaraminsa, da lokacin da yake kumbura ya cinye amsar gaba ɗaya. Biro da takarda sun ishe ka a rabin farko. A ƙarshe za mu gwada a waya.

Albasa da gero

Bari mu fara da kasuwa, tunda Aliero ta yi suna a albasa, Jega kuma a hada-hadar hatsi. Farashin da zan kawo misali ne kawai, don lissafin ya yi sauƙi.

A ce fatake biyu sun yi sayayya rana ɗaya a wurin dillali ɗaya. Na farko ya ɗauki buhun albasa 3 da buhun gero 2, ya biya naira 190,000. Na biyu ya ɗauki albasa 1 da gero 4, ya biya naira 180,000. Ba wanda ya gaya maka farashin buhu guda. Za ka iya gano shi?

Kira farashin albasa x, na gero y, a dubu-dubu:

3x + 2y = 190
x + 4y = 180

Ninka layi na biyu da 3, ya zama 3x + 12y = 540. Debe layi na farko daga cikinsa, x ta ɓace, saura 10y = 350. Gero ke nan 35,000. Mayar da 35 cikin layi na biyu, za ka samu albasa 40,000.

Abin da ka yi yanzu, wato kawar da lamba ɗaya domin sauran su fito fili, shi ake kira hanyar Gauss. Sai dai ta girmi Gauss nesa ba kusa ba. Tana cikin wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, na kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, inda aka yi misali da damman hatsi masu daraja daban-daban. Ita kanta kalmar aljabra ta fito ne daga sunan littafin Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunansa aka samo kalmar algoridim. Jera lambobi a gida-gida ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alkahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake gina hatimin lambobi, irin wanda kowane layi nasa ke ba da jimla ɗaya. Hatimi da matiriks aikinsu daban, amma wanda ya saba ganin na farko ba zai firgita da siffar na biyu ba.

Yanzu a ce farke na biyu ya ɗan manta, ya ce 181,000 ya biya. Sake lissafin: gero ya zama 35,300, albasa 39,800. Kuskuren dubu ɗaya ya jawo gocewar ɗari biyu zuwa uku. Ba abin tashin hankali.

Inda gero ya zama kyauta

Ga wasu fataken biyu, manya. Na farko ya yi lodin albasa buhu 100 da gero buhu 100, kuɗi naira 7,500,000. Na biyu ya yi lodin albasa 100 da gero 101, kuɗi naira 7,535,000. Debe na farko daga na biyu: buhun gero ɗaya ya rage, 35,000. Albasa 40,000. Amsa ɗaya da ta baya.

To amma ka san halin ɗan kasuwa, ba ya son dogon zance. Ka tambayi na biyun nawa ya biya, ya ce, “Miliyan bakwai da rabi ne dai.” Bai yi ƙarya ba, abin da ya yar bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ba. Saka wannan a lissafi ka gani. Gero ya zama sifili, kyauta ke nan, albasa kuma ta tashi 75,000. In kuwa ya ƙara 35,000 ne maimakon ya rage, gero zai tashi 70,000, albasa ta faɗo 5,000.

Tsaya ka duba da kyau, domin nan ne zuciyar darasin. Ba ka yi kuskuren ninkawa ba, ba ka yi na debewa ba. Ko babbar kwamfutar duniya aka ba wannan tambaya, amsar banzan nan za ta bayar. Laifin yana jikin tambayar. Fataken biyu kusan kaya iri ɗaya suka saya, don haka na biyun bai ƙara maka wani sabon labari ba sai na buhu guda tal, kuma dukkan amsar ta rataya a wuyan wannan buhun. Kamar alƙali ne da shaidu biyu waɗanda suka tsaya wuri ɗaya suka ga abu ɗaya: sunansu biyu, amma shaidarsu ɗaya ce da ɗan ƙari.

Masana suna da lambar da ke auna wannan rauni. A Turance kondishan namba suke ce mata, mu ce ma'aunin rauni. Tana gaya maka sau nawa kuskuren da ke cikin bayananka zai iya ninkuwa kafin ya isa ga amsa. Tebur na farko ma'aunin rauninsa kusan 2.6 ne. Na biyu kusan 402. A ainihin aikin injiniya ana cin karo da miliyan ko biliyan. Alan Turing, wanda aka fi sani da fasa saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu, shi ya sa wa wannan ma'auni suna a wata takarda da ya wallafa a 1948.

Wayarka tana fama da wannan matsala kullum. Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa. Wayar tana auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, tana neman abubuwa huɗu da ba ta sani ba: uku na wurin da kake, na huɗu kuma gocewar agogonta. Shi ya sa take buƙatar tauraro huɗu a ƙalla. Agogon yana da muhimmanci domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300. Ka kwatanta da mutumin da ya ɓace a jeji, abin da ya sani kawai nisansa da wasu garuruwa. In an ba shi nisansa da Aliero, da Maiyama, da wani gari can yamma, ya samu shaidu daga kusurwa uku, zai gane inda yake. In kuwa garuruwan duk suna gefe ɗaya a jere, ɗan kuskuren awo zai jefa shi nesa. Haka taurarin suke. In ka shiga lungu mai dogayen gine-gine, ko ka tsaya a gindin katanga, taurarin da wayar ke gani sun taru a ɓangare ɗaya na sama, ma'aunin rauni ya hau, shuɗin ɗigon ya fara yawo. Mutane su ce netwok ne ko data ta ƙare, alhali shaidun ne suka tsaya wuri ɗaya.

Kuskuren da na'urar ke kawowa da kanta

Wancan kuskure daga bakin ɗan kasuwa ya fito. Akwai wani da na'urar ke haifarwa. In ka rubuta 0.1 + 0.2 a yaren Python, amsar da za ka gani ita ce 0.30000000000000004. Kalkuletar waya takan ɓoye wannan wutsiya, amma tana nan a yawancin manhajoji.

Dalili kuwa, kwamfuta da sifili da ɗaya kawai take ƙirga. Ka san in ka raba 1 da 3 za ka yi ta rubuta 0.3333 har takarda ta ƙare. To a ƙirgen kwamfuta, kashi ɗaya cikin goma ma haka yake, ba ya ƙarewa, dole a datse shi. Ƙa'idar da kusan kowace waya da kwamfuta ke bi, IEEE 754 ta shekarar 1985, wadda William Kahan ya jagoranci tsarawa, tana ba lamba gurbin bit 64, abin da ya kai lambobi 16 masu inganci a ƙirgenmu. Duk abin da ya wuce nan an yar da shi.

Lambobi 16 suna da yawa, kuma a yawancin aiki sun wadatar. Amma ga ƙa'idar da ya kamata ka riƙe: in ma'aunin rauni ya kai 1 mai sifili shida a baya, ka yi asarar kusan lambobi shida daga cikin 16 ɗin. In ya kai mai sifili 16, ba abin da ya rage. Na'urar za ta buga maka amsa mai tsawo, tsaf da ita, babu gargaɗi, kuma ko lamba ɗaya a ciki ba abin dogaro ba ce.

Datsewar nan ta taɓa cin rayuka. Ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Dhahran ta ƙasar Saudiyya, na'urar Patriot ta sojan Amurka ta kasa tare wani makami mai linzami da Iraƙi ta harbo, sojoji 28 suka mutu. Agogon na'urar yana ƙirga kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne, an kuma datse wannan lamba a bit 24. Bayan ta yi awa kusan 100 a kunne, gocewar ta taru ta kai daƙiƙa 0.34, kuma a ɗan wannan lokaci makamin yana cin fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda ba ya nan.

Ga masu koyon rubuta manhaja, musamman ta POS ko ta adashe: kada ka ajiye kuɗin mutane da lamba mai ɗigo. Ajiye su a kwabo, cikakkiyar lamba, naira 250.75 ta zama 25075. Cikakkun lambobi ba a datse su a tarawa da debewa.

Tambaya lafiyayya, hanya gurguwa

Akwai kuma yanayi na uku, inda tambayar lafiya lau take amma hanyar da aka bi ce ta ɓata amsa. Ka ɗauka kana da kalkuleta mai riƙe lambobi uku kacal, ga tambaya:

0.0001x + y = 1
x + y = 2

Amsar gaskiya ita ce x da y duk suna dab da 1. Bi hanyar da muka bi ɗazu. Don kawar da x daga layi na biyu sai ka ninka na farko da 10,000 ka debe. Za ka samu 9,999 a gefe ɗaya, 9,998 a ɗayan. Kalkuletarka ba ta iya riƙe lambobi huɗu, sai ta mayar da duka biyun 10,000. Ke nan y = 1. Mayar da shi layi na farko, x ta fito sifili. Amsar da ya kamata ta zama 1 ta zama 0. Ninkawa da 10,000 ɗin nan ta danne ainihin lambobin layi na biyu har suka nutse.

Yanzu sauya wa layukan wuri, na biyu ya koma sama. Wannan karon da 0.0001 za ka ninka. Da wannan kalkuletar dai, za ka samu y = 1, x = 1. Ba abin da aka canza sai wanda ya fara. Wannan dabara ta ɗora layin da ke da lamba mafi girma a sama kafin kowane mataki tana cikin duk wata manhajar lissafi ta kirki a yau.

A shekarun 1940 masana sun tsorata da hanyar Gauss. Harold Hotelling ya yi hasashe a 1943 cewa kuskure zai iya ninkuwa huɗu-huɗu da kowane layi da aka ƙara, wanda ke nufin tebur mai layi ɗari ba zai lissaftu ba. John von Neumann da Herman Goldstine sun rage wannan fargaba a 1947. Amma wanda ya warware zancen shi ne James Wilkinson, wanda ya yi aiki tare da Turing a Ingila. Shi sai ya juya tambayar. Maimakon ya ce amsar ta goce da nawa, sai ya ce: amsar da na'urar ta bayar, amsar wace tambaya ce daidai? In amsar wata tambaya ce da ke dab da tamu, to hanyar ta sauke nauyinta, sauran laifin na tambayar ne. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a fannin gaba ɗaya, domin ta raba laifi biyu da mutane ke cakuɗawa. An ba shi lambar yabo ta Turing a 1970.

In layukan sun kai miliyan

Layi biyu wasan yara ne. A makarantar sakandare ana koyar da wata hanya ta Cramer, wadda take da daɗi a layi biyu ko uku. In ka bi ta yadda ake yi a allo a tebur mai layi 20, yawan ninkawar zai wuce 2 mai sifili 18 a baya. Na'ura mai lissafi biliyan ɗaya a daƙiƙa za ta shafe fiye da shekara 77. Hanyar Gauss kuwa aiki dubu kaɗan ne a wannan teburin. Ka ga zaɓen hanya ya fi sayen sabuwar na'ura tasiri.

Ita ma hanyar Gauss tana da iyaka. In layukan sun ninka biyu, aikin yakan ninka takwas. Layi 1,000 na cin lissafi kusan miliyan 670, waya ma za ta gama kafin ka ajiye ta. Layi miliyan ɗaya kuwa, na'ura mai lissafi biliyan 10 a daƙiƙa za ta haura shekara biyu, kuma ajiye teburin kaɗai zai ci terabayit 8.

Wa ke buƙatar layi miliyan? Duk mai son kwaikwayon duniya a kwamfuta. Ambaliyar 2020 ta lalata gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi. Mai son hasashen inda ruwa zai bi in gulbin Zamfara ya cika a wajen Jega, sai ya yanka taswirar fadamar gida-gida, kowane gida da lambarsa ta zurfin ruwa. Mai son sanin yadda zafi ke ratsa rumbun albasa, tunda zafi da laima su ke ruɓar da ita kafin farashi ya tashi, shi ma haka zai yanka rumbun. Sa'ar da aka yi ita ce kowane gida da maƙwabtansa kawai yake hulɗa, don haka kusan duk teburin sifili ne. Ba a ajiye sifilin, ba a kuma bin hanyar Gauss. Ana yin cinta ne, a yi ta gyarawa.

Ga ƙaramin misali. Bangon rumbu na gefen rana yana da zafi 44, na gefen inuwa 28. Akwai wurare uku a tsakani, kuma zafin kowanne matsakaicin na maƙwabtansa biyu ne. Fara da cinta: 30, 30, 30. Gyara na farko: rabin 44 da 30, wato 37. Na biyu: rabin 37 da 30, wato 33.5. Na uku: rabin 33.5 da 28, wato 30.75. Sake zagayawa: 38.75, 34.75, 31.375. Zagaye na uku: 39.375, 35.375, 31.6875. Kana ganin inda suka dosa, 40, 36, 32, kuma kowane zagaye yana raba saurar tazarar biyu. Ka tsaya lokacin da gyaran ya yi ƙanƙantar da ba ta dame ka ba. Hanyoyin da ake amfani da su a manyan ayyuka sun fi wannan wayo, irin wadda Hestenes da Stiefel suka fitar a 1952, kuma yawancin binciken da ake yi yanzu a kan yadda za a rage yawan zagayen ne, ta hanyar gyara teburin tun farko domin ma'aunin rauninsa ya sauka. Da irin wannan maimaitawar Larry Page da Sergey Brin suka fara jera shafukan intanet a Google a 1998.

Hoto da ƙirƙirarriyar basira

Waɗannan biyun zan wuce su da sauri. Hoton megafiksel 12 lambobi miliyan 36 ne, uku a kowane ɗigo, na ja da kore da shuɗi. Tsarin JPEG na 1992 yana yanka shi gida-gida, takwas a tsaye takwas a kwance, ya ninka kowane gida da wani matiriks, ya yar da lambobin da ido ba ya lura da su. Shi ya sa hoton da ya yi ta yawo a WhatsApp yake fitar da ƙananan murabba'ai. Su kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira, mafi yawan aikinsu ninka manyan matiriks ne, kuma sashen NPU da ake tallatawa a sababbin wayoyi an ƙera shi ne don wannan ninkawar. Abin sha'awa, a nan da gangan ake datse lambobi zuwa bit 8 ko ƙasa da haka domin batir ya daɗe. Sanin iyakar da za a datse ba tare da amsar ta lalace ba, tsohuwar tambayar Wilkinson ce a sabuwar riga.

Wannan ne ya sa nake ganin ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 kuma yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, bai kamata su ɗauki kwas ɗin matiriks a matsayin na haddace a ci jarrabawa ba. Kowa na gudun koyon yadda ake amfani da manhajar da wani ya gina, wadda za ta tsufa cikin shekara biyu. Shi wannan lissafin tun 1948 bai tsufa ba. Kuma ba ya neman ɗakin gwaji mai tsada. Laccocin Gilbert Strang na jami'ar MIT suna YouTube kyauta, sannan cibiyar AIMS, wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2003 kuma take da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar ɗaliban Afirka karatun digiri na biyu a lissafi.

Gwada a wayarka

In Android gare ka, sauke Pydroid 3 daga Play Store, ka shiga sashen Pip ka saka numpy. Gara ka yi wannan lokacin da kake da isasshiyar data. Sai ka rubuta:

import numpy as np
A = np.array([[100, 100], [100, 101]])
b = np.array([7500000, 7535000])
print(np.linalg.solve(A, b))
print(np.linalg.cond(A))

Layin farko da zai fito shi ne 40,000 da 35,000, na biyu kuma kusan 402. Canza 7535000 zuwa 7500000 ka ga gero ya zama kyauta da idonka. Umarnin solve ɗin nan yana kiran wani rumbun manhaja mai suna LAPACK, wanda ya fito a 1992, kuma Jack Dongarra, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina shi, ya karɓi lambar Turing ta 2021. Hanyar Gauss ce a ciki, tare da dabarar sauya layi da muka gani.

Gwaji na biyu ya fi ban mamaki. Akwai wani tebur da ake kira matiriks na Hilbert. Layinsa na farko 1, 1/2, 1/3 haka har ƙarshe, na biyu ya fara daga 1/2, na uku daga 1/3. Za mu shirya tambayar yadda mun riga mun san amsar: kowace lamba 1 ce.

n = 5
H = np.array([[1/(i+j+1) for j in range(n)] for i in range(n)])
b = H @ np.ones(n)
print(np.linalg.solve(H, b))
print(np.linalg.cond(H))

A n = 5 za ka ga ɗaya-ɗaya guda biyar, duk da ma'aunin raunin ya kusa rabin miliyan, domin lambobi 16 ɗin sun isa su shanye asarar. Mayar da n ta zama 10. Ma'aunin ya kai mai sifili 13, kuma za ka fara ganin gocewa a lamba ta uku ko ta huɗu bayan ɗigo. A 12 ya kai mai sifili 16. Sai ka saka 15, ka ƙirga nawa ne daga cikin amsoshin goma sha biyar suka rage kusa da 1, nawa kuma suka faɗa ƙasa da sifili.